Lissafin da Ido Ke Karantawa

Ƙarshen shekara ya zo, ma'aji ya miƙe a gaban taro da littafinsa yana jero lambobi: an tara kaza, an kashe kaza, saura kaza. Mutane su gyaɗa kai, a shafa fatiha, a watse. Tsayar da su a bakin ƙofa ka tambayi kowa ina mafi yawan kuɗin ya tafi, za ka ji amsoshi sun sha bamban. Ba ƙarancin basira ba ne. Kunne ba ya riƙe lamba bakwai a jere, kuma da yawa daga cikin masu kuɗin ba su yi boko ba. Mai ƙosai a unguwar Zariya ta Maraɗi tana raba riba da uwar kuɗi a ka kafin ɗan makaranta ya gama neman biro, amma in aka miƙa mata takarda mai layi-layi cike da lambobi, an rufe mata ƙofa ke nan. Daga nan zato ke samun gindin zama, kuma ƙungiyoyin da zato ya wargaza ba su da iyaka, alhali ko dala ba ta yi ciwon kai ba.

Akwai zane ɗaya da ke buɗe wannan ƙofa. Da'ira ce ake zanawa, a ce ita ce dukan abin, sannan a yanka ta daga tsakiya zuwa baki, kowane yanki daidai girman rabonsa. Abin da ya ci rabin kuɗi ya ci rabin da'ira. Abin da ya ci ɗan kaɗan ya samu ɗan siririn yanki. Za mu kira ta da'irar kaso. Kwamfuta da salula suna fitar da ita cikin ƙiftawar ido, amma ina ganin wadda aka zana da hannu a gaban jama'a ta fi ta amfani nesa ba kusa ba, domin kowa ya ga yadda aka yi ta, kuma kowa na iya cewa a tsaya a sake auna wancan yankin.

Ba tsohon abu ba ne sosai. Wani mutumin Sikotland mai suna William Playfair ne ya fara buga irinta a 1801, inda ya yanka da'ira gida uku don nuna yadda ƙasar Daular Usmaniyya ta rabu tsakanin Asiya da Turai da Afirka. A 1858 injiniyan Faransa Charles Minard ya ɗora ƙananan da'irori a kan taswirar ƙasarsa, kowace tana nuna naman da yankin ke aikawa birnin Faris, nawa ne na shanu, nawa na maruƙa, nawa na tumaki. A shekarar nan ce Florence Nightingale ta fito da nata salon, don ta nuna wa hukumomin Ingila cewa cuta ta fi makami kashe sojojinsu a yaƙin Kirimiya. Dukansu da alƙalami da takarda suka yi aikin.

Lissafin kansa gajere ne. Da'ira tana da digiri 360, gadon da aka samo daga mutanen Babila masu ƙidaya da sittin-sittin. Lambar tana da daɗin sha'ani domin tana rabuwa biyu, uku, huɗu, biyar, shida, takwas, tara, goma da goma sha biyu ba tare da ragowa ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a babin rabon gado ya riga ya san hanyar. Rabi digiri 180 ne, sulusi 120, rubu'i 90, sudusi 60, sumuni 45. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da uba da ɗa namiji guda: mata ta ɗauki sumuni, digiri 45, uwa da uba kowa sudusi, 60 da 60, ragowar 195 na ɗan ne. Rabon aikin malamai ne, ba na mai zane ba, sai dai in aka zana shi haka magada na ganinsa da idonsu.

Ƙa'idar ita ce: nemo jimilla, raba 360 da ita, abin da ya fito shi ne rabon kowane guda ɗaya, sai ka ninka shi da adadin kowane kashi. In kuma lissafin kashi cikin ɗari aka ba ka, kowane kashi ɗaya digiri 3.6 ne.

Mu gwada da abin da Maraɗi ta sani fiye da kowa. A wannan jiha ce ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, mata suna zuba kuɗi mako-mako a akwati ɗaya suna ba juna bashi, kuma daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. A ce wata ƙungiya irin wannan tana da jaka 240. Jaka 120 na hannun mambobi a matsayin bashi, 60 an sayi hatsi an ajiye, 30 ta tafi taimakon haihuwa da rashin lafiya, 20 na cikin akwati, 10 kuma ta tafi a littafi da biro da kuɗin kabu-kabu. Lambobin misali ne kawai. Kafin komai a tara su a ga ko sun koma 240. In ba su koma ba, a ajiye alli, domin matsalar tana cikin littafi, zane ba zai gyara ta ba. Sun koma, sai a raba 360 da 240, a samu ɗaya da rabi. Kowace jaka ke nan tana da digiri ɗaya da rabi. Bashi ya samu 180, hatsi 90, taimako 45, kuɗin akwati 30, ƙananan kashe-kashe 15. A sake tarawa, dole su ba da 360 cif.

Saura zanen. Wanda ke da kamfas da ma'aunin kusurwa, wato rabin da'irar robar nan da ke cikin kayan lissafin ƴan makaranta, ya huta. Wanda ba shi da su bai rasa komai ba. Kifa faifai ko murfin tukunya a kan takarda ka zagaye shi da fensir. Wahalar wannan hanya ɗaya ce, ba ta nuna maka tsakiya, kuma in tsakiya ta goce duk yankunan sun yi ƙarya. Maganinta shi ne ka yanke da'irar da almakashi, ka ninke ta biyu, ka sake ninkewa. Inda layukan ninkin suka gicciye nan ce cibiya. Ka ma samu rabi da rubu'i kyauta, in ka ƙara ninki ɗaya ka samu sumuni. A kan allo ko bango kuwa, ƙusa da zare da alli sun isa: kafa ƙusa, ɗaura zare, ja shi ya miƙe, ka zagaya. A tsakar gida turke da igiya, a bi layin da toka.

Ma'aunin da kowa ke da shi, ko da bai lura ba, shi ne fuskar agogo. Tsakanin kowace lamba da mai bi mata digiri 30 ne, kowane minti kuma digiri 6. Rubuta 12 a saman da'irarka, 6 a ƙasa, 3 a dama, 9 a hagu, ka cike sauran. Ja layi daga cibiya zuwa 12, daga nan ake farawa, a bi yadda hannun agogo ke tafiya, babban kashi a gaba. Bashin matan nan ya tashi daga 12 ya tsaya a 6. Hatsi daga 6 zuwa 9. Taimako daga 9 zuwa tsakanin 10 da 11. Kuɗin akwati daga nan zuwa tsakanin 11 da 12. Ɗan abin da ya rage na biro da kabu-kabu ne. Ba a buƙaci ma'auni ko ɗaya ba, kuma tsohuwar da ke zaune a bayan taro ta ga cewa rabin dukiyarsu na waje, abin da ke akwati bai kai yadda take zato ba. In tana da tambaya, yanzu ta san inda za ta ɗora yatsa.

Agogon ya fi daɗi ga manomi. A ce magidanci a karkarar Tibirin Gobir ya ɗaure dami 60 na gero. Kowane dami minti ɗaya ke nan. Amfanin ya kai nisabi, kuma ruwan sama ne ya shayar da shi, don haka zakka ɗaya bisa goma ce, dami 6, daga 12 zuwa minti na shida. Bashin da ya ci da damina ya ɗauke 12. Ya ware 3 na iri, ya sayar da 9 don tufafi da hidimar makaranta, ya ba dangi 6. Abin da ya shiga rumbu don ci dami 24 ne, bai kai rabin da'ira ba. In gidan na cin dami huɗu a wata, watanni shida ke nan, rumbu zai yi ƙasa tun kafin ruwan shuka ya sauka. Maigidan ya san wannan a ransa, amma ganinsa a zane tun da kaka, tare da uwargida da manyan ƴaƴa, shi ke sa a zauna a yi shawara kan wane yanki za a tsuke tun hatsin na nan. Ɗan'uwansa da ke noman rani da famfo mai cin kuɗi, zakkar hatsinsa rabin wancan ce, ɗaya bisa ashirin, digiri 18 ko minti uku.

Ba kullum lambobi ke zuwa a daidaice haka ba, kuma a nan ne ma'aunin kusurwa ke da ranarsa. Ƙidayar jama'ar Nijar ta 2012 ta samu mutum 17,138,707. Jihar Damagaram na da 3,539,764, Maraɗi 3,402,094, Tawa 3,328,365, Tilaberi 2,722,482, Doso 2,037,713, Yamai 1,026,848, Difa 593,821, Agadas 487,620. A nan sai a raba adadin kowace jiha da jimilla, a ninka da 360. Kalkuletar salula ta wadatar. Maraɗi ta fito da 71.46, Damagaram 74.35. Fensir ba ya iya zana ɗigon digiri, don haka sai a mai da kowace zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa: 74, 71, 70, 57, 43, 22, 12, 10. Tara su ka gani, 359 ne. Digiri ɗaya ya zube a wajen daidaitawa. Wannan ba kuskure ba ne, haka yake faruwa, kuma gyaransa shi ne a ba jihar da ragowarta ta fi kusa da cika. Difa ce, mai 12.47, sai ta zama 13.

Ga wata dabara da ke raba aikin gwani da na ɗan koyo. Ɗan koyo yakan auna yanki na farko, ya juya ma'auni ya ɗora a kan sabon layin ya auna na biyu, haka har ƙarshe. Kowane juyi yana ƙara ɗan karkata, kafin ya kai Agadas sai ya ga wurin da ya rage ya yi mata yawa ko ya yi kaɗan. Abin da ya fi shi ne tara digirin a jere tun a takarda: 74, 145, 215, 272, 315, 337, 350, 360. Ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa ta cibiya. Ɗora ma'auni a gefen dama, ɗigon tsakiyarsa a kan cibiya daidai, sifirinsa a sama, ka sa alama a 74 da 145. Juya shi gefen hagu, sifiri a ƙasa, ka cire 180 daga sauran: 35, 92, 135, 157, 170. Sau biyu kawai ka taɓa ma'auni. A kula, yawancin ma'aunan suna da jerin lambobi biyu, ɗaya na tafiya dama ɗaya hagu. Wanda ya fara daga sifiri a kan layinka shi za ka bi, in ba haka ba 74 ta zame maka 106. Ido ma na iya kama wannan: duk abin da bai kai 90 ba dole ya fi kusurwar takarda tsukewa.

In ka gama, zana ta biyu a gefenta, ta faɗin ƙasa. Nijar na da murabba'in kilomita 1,267,000. Agadas kaɗai na da 667,799, wato digiri 190, ta haye rabin da'ira. Maraɗi na da 41,796, digiri 12 kacal. Ajiye su kafaɗa da kafaɗa. A ta mutane Maraɗi ta ci kusan ɗaya bisa biyar, Agadas ɗan siriri. A ta ƙasa sun yi musanyar wuri. Duk dogon bayanin da ake yi kan dalilin da gonaki ke ƙanƙancewa a kudancin jihar Maraɗi, da yadda gonar kaka ke zama ƴan kadada a hannun jikoki, da yadda burtali da makiyaya ke matsewa, yana da tushe a waɗannan zane biyu. Malamin da ya sa ɗalibansa suka zana su da hannunsu ya koyar da lissafi da labarin ƙasa a zama ɗaya, kuma ba na jin yaran za su manta.

Amma misalin ƙidayar ya tona raunin da'irar kaso. Rufe lambobin da hannu ka dubi Damagaram da Maraɗi da Tawa: 74, 71, 70. Ido ba zai gaya maka wadda ta fi ba. Binciken da William Cleveland da Robert McGill suka buga a 1984 ya nuna mutane sun fi iya kwatanta tsawo da tsawo a kan kwatanta kusurwa da kusurwa. Saboda haka in kasonka sun yi kusa da juna, ko sun haura shida ko bakwai, zanen sanduna a jere ya fi. In kuma da'irar kake so, rubuta adadin a jikin kowane yanki, kada ka bar ido shi kaɗai da aikin.

Akwai kuma wuraren da ba ta shiga sam. Farashin tiyar gero a kasuwar Maraɗi daga kaka zuwa bazara ba abin da'ira ba ne, domin in ka tara farashin watanni ba ka samu jimillar komai ba; wannan layi mai hawa da sauka yake so. Haka in ka tambayi manoma abin da suke shukawa. Mutum ɗaya zai ce gero da wake da gyaɗa, duk a gona ɗaya, sai ka ga kason ya haura ɗari. Da'ira ba ta karɓar abin da ya shiga gida biyu. Kowane abu wuri ɗaya, kuma duka a ma'auni ɗaya. Wannan na ƙarshe shi ya fi kama mu a nan Maraɗi. Wani ya faɗi kuɗi da dala, wani ya rubuta da tamma, a manta cewa dala ashirin ita ce 100 a rubuce. Ɗan kasuwar da ke sayo kaya ta Jibiya yana riƙe da naira da sefa a aljihu ɗaya. Hatsi wani a dami, wani a buhu, wani a tiya. Sai an mai da su abu ɗaya kafin a taɓa fensir.

Tun da zanen na da saurin shiga rai, mai son rufa-rufa ma na iya amfani da shi, kuma ya kamata mai kallo ya san inda zai duba. Tambaya ta farko ita ce: da'irar nan dukan mene ne? In an tara jaka 300 aka zana yadda aka kashe 240, zanen zai fito tsaf, yankuna su cika, alhali jaka 60 ba ta shigo cikinsa ba. Don haka jimilla a rubuta ta da manyan lambobi a sama, a gwada ta da abin da aka san an tara. Ta biyu, yankin da aka sa wa suna “sauransu”. In ɗan ƙarami ne ba laifi. In ya kai rubu'i, a nemi a fasa shi a ga abin da ke ciki. Ta uku, zanen kwamfuta da ake kwantar da shi ya yi kauri don ado: yankin da ke gaba yakan yi kamar ya fi na baya girma ko da daidai suke. Na hannu, shimfiɗaɗɗe, ba shi da wannan aibi.

Wajen bambanta yankuna ba sai an sayi fenti ba. Wani a cike shi da gawayi, wani a ja masa layuka a tsaye, wani a kwance, wani ɗige-ɗige, wani a bar shi fari. Wannan ya fi launi ma in za a kai takardar wajen mai hoto-kwafi, domin ja da kore duk toka-toka suke fitowa. Inda masu karatu ba su da yawa, a zana alama a jikin yanki: buhu a na hatsi, makulli a na akwati. Sunan a rubuta shi da boko da ajami.

Wuraren da nake fatan ganin wannan zane a manne suna da yawa. Manoman fadamar Jiratawa, da ke ban-ruwa da famfuna a bakin Gulbin Maraɗi suna noma zogale da tattasai da albasa, suna biyan kuɗin ruwa ga ƙungiyarsu. Mai biyan irin wannan kuɗi ko'ina yake yana son sanin nawa ya tafi wuta, nawa gyaran famfo da magudana, nawa aka ajiye don ranar da inji zai tsaya. Da'ira ɗaya a bangon ofis kowace kaka za ta amsa masa. Haka kwamitin bankin cimaka, da ƙungiyar iyayen yara, da masu tara kuɗin ginin masallacin unguwa, da ma'aikatar magajin gari a ranar bayyana kasafin kuɗi. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke komawa garuruwansu hutu za su iya koya wa ma'aji wannan a yammaci ɗaya. Abin da za su nace a kai shi ne a zana ta a gaban mambobi, ma'aji na faɗin adadi, wani daban na aunawa, sannan a rubuta a ƙasanta kwanan wata da shafin littafin da aka ɗauko lambobin, a ajiye ta don a jera ta da ta baɗi.